Hasashen Damina: Wa Zai Kai Wa Manomi Labari?

A farkon kowace shekara, tun hunturu bai gama wucewa ba, Hukumar Binciken Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, takan tara manyan baƙi a Abuja ta bayyana masu yadda ta ke hangen daminar da ke tafe. Minista yakan zo, manyan sakatarori su zo, 'yan jarida su cika wurin, a yi jawabai, a raba littafi, a ɗauki hotuna, sa'an nan kowa ya shiga motarsa ya koma ofis. Littafin nan kuwa ba abin rainawa ba ne. A cikinsa akwai lokacin da a ke sa ran ruwan shuka zai sauka a kowace jiha, har da ƙananan hukumomi, da lokacin da zai ɗauke, da yawan kwanakin da daminar za ta yi, da wuraren da a ke tsoron ruwa zai yanke na mako biyu ko uku bayan an yi shuka. Bayan haka kuma hukumar da ke lura da koguna, NIHSA, takan fito da nata bayanin game da wuraren da ambaliya ke iya ci. A 'yan shekarun nan har fassara hasashen a ke yi da Hausa da wasu manyan harsunan ƙasa.

Ke nan ba za a ce ƙasar nan ta rasa masana ba, ba kuwa za a ce masanan suna zaune ne kawai suna karɓar albashi ba. To, amma abin tambaya shi ne, manomin Gumel ko na Illela ko na Gaidam, wanda domin shi aka yi wannan aiki duka, ya ji abin da aka ce? In ya ji, ya gane? In ya gane, akwai abin da zai iya yi da shi?

Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Ba ƙarama ba ce. Manomin gero iri ɗaya gare shi a rumbu, wanda ya ware tun kaka ya hana iyalinsa ci. In an yi ruwa mai ƙarfi a watan Mayu, ƙasa ta jiƙe, ya fita ya shuka. In ruwan nan na yaudara ne, sama ta ɗauke har kwana ashirin, shuka takan ƙone tun tana ɗan kunne biyu. Iri ya tafi, ɗan takin da ya zuba ya tafi, sai ya nemi rance ya sake shuka a makare, damina kuwa ba ta jiran kowa. Wani ma binne ya ke yi tun kafin ruwa, ɗan yayyafi ya sa irin ya tsiro ya mutu. Dā can dattawa suna da alamominsu, na iska da na tsuntsaye da na tohon itatuwa, kuma sun yi masu amfani shekara da shekaru. Yau su kansu dattawan ne ke cewa damina ta rikice, alamun ba su cika faɗin gaskiya ba. A daidai wannan wuri ne ilmin masana ya kamata ya shigo, a nan ne kuwa ya ke tsayawa bai iso ba. Asarar da aka yi a gonar Gumel cikin watan Yuni ita ce mai sayen hatsi zai biya a Dawanau cikin watan Disamba, ita ce kuma ɗan kasuwar Mile 12 a Ikko da na Bodija a Badun za su gani a kan kuɗin buhu.

Maganar ambaliya ta fi wannan muni, domin a nan rayuka ne. A 2012 ruwa ya ci mutum 363, ya raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Kowa ya ce an ɗauki darasi. Bayan shekara goma cif, a 2022, aka sake yin wadda ta kashe fiye da mutum 600 a jihohi fiye da 30, ruwa ya rufe hanyar Lokoja, manyan motoci suka yi kwana da kwanaki a jere, kayan gwari da aka ɗauko daga Arewa suka ruɓe kafin su ga Ikko, Jihar Bayelsa kuwa kusan duk ta koma tafki. Gwamnatin Tarayya ta ce ai ta gargaɗi jihohi tun da wuri, su ne ba su ji ba. Gaskiya ne an yi gargaɗin. Amma gargaɗin da aka rubuta da Turanci aka aika ofishin gwamna, ofishin gwamna ya miƙa wa kwamishina, kwamishina ya sa a fayil, ba shi ne zai tashi mai kamun kifi a bakin Binuwai ba.

Duk sa'ad da aka yi irin wannan, sai a nuna Kamaru da yatsa, a ce ta saki ruwan madatsar Lagdo. Madatsar nan tun 1982 aka gama ta, tun zamanin nan kuma a ke maganar gina wata a Dasin Hausa cikin Adamawa wadda za ta riƙa tare ruwan, har yau ba a gina ba. Ban da haka, masana ruwa sun sha faɗi cewa babban kason ruwan da ke cika Binuwai daga cikin ƙasar nan ya ke fitowa, daga kogin Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala. Ɗora wa maƙwabci laifi ya fi sauƙi bisa ga yashe kogi da hana gini a kan hanyar ruwa. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ta shanye babban ɓangare na birnin Yerwa, alhali kuwa wannan madatsa ɗin ta taɓa jawo wa garin ambaliya a 1994. A ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya afka wa Mokwa da asuba, ya ci fiye da mutum 150, yawancinsu a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. A ce wa jama'a "Jihar Neja tana cikin jihohin da ke da haɗarin ambaliya" bai wadatar ba. Mai gida so ya ke ya ji ko unguwarsa ce, wane mako ne, ina zai kai iyalinsa, wa zai tsare masa kayansa in ya tashi. Waɗannan tambayoyi ba NiMet ce za ta amsa su ba, aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Akwai kuwa asusun gyaran muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kasonsu daga ciki. Ya kamata majalisun jihohi su riƙa tambayar inda kuɗin ke shiga kafin ruwa ya zo, ba sai an fara rabon tabarmi da buhunan shinkafa ba.

Dā akwai mutumin da ke tsakanin mai bincike da mai noma, shi ne malamin gona. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 za su tuna ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe waɗanda aka soma da taimakon Bankin Duniya wajen 1975, daga baya aka bazu da su ko'ina cikin ƙasa. Malamin gona yana da babur, yana da ƙauyukan da aka ba shi, yana da ranar zuwa kowane ɗaya, yana da 'yar gonar gwaji a bakin hanya inda kowa zai gani da idonsa. Tsarin yana da nasa aibu, amma dai manomi ya san fuskar wanda zai tambaya. Da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare cikin shekarun 1990, jihohi da yawa suka saki abin. Waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, baburan suka lalace, yau malami ɗaya ne ga dubban manoma, shi ma sau da yawa ba shi da kuɗin man da zai kai shi ƙauye. A 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo cewa kowace ƙasa za ta ba noma kashi 10 cikin ɗari na kasafinta. A mafi yawan shekarun da suka biyo baya abin da Gwamnatin Tarayya ta ba noma bai kai rabin haka ba, ɗan abin da aka bayar ɗin kuma kwangilar taki da ta tarakta ke lashe shi, domin a nan ne a ke samun na goro. Albashin malamin gona da man baburinsa ba su da bikin buɗewa, ba a yanka masu kyalle.

Sakamakon haka shi ne ga kaya a rumbu amma babu mai kaiwa kasuwa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tun 1922 ta ke aiki, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cibiyar IITA ta Badun tun 1967, ta Binciken Tafkin Chadi a Yerwa tun 1975. Tsakaninsu sun fitar da masara mai nuna cikin ƙasa da kwana 100, da dawa da wake masu jure fari da wuta-wuta, da geron nan da manoma ke kira Sosat, wanda ke nuna da wuri. Irin waɗannan su ne maganin gajeriyar damina. In hasashe ya nuna daminar bana a arewacin Yobe gajera ce, abin da hankali zai ɗauka shi ne a ga iri mai saurin nuna ya isa kasuwannin yankin tun watan Afrilu, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Amma hukumar yanayi tana ƙarƙashin ma'aikatar jiragen sama, cibiyoyin bincike suna ƙarƙashin ta gona, koguna suna ƙarƙashin ta ruwa, dazuzzuka suna ƙarƙashin ta muhalli, kowa da kasafinsa da taronsa da littafinsa. Manomi kuwa gona ɗaya gare shi, duk abubuwan nan a cikinta su ke haɗuwa.

Su ma masanan ba za su wanke hannunsu ba. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma don ya kwana uku a ƙauye yana bayani a gindin bishiya. Abin da a ke ƙirga masa shi ne maƙalar da ya buga da Turanci a mujallar da ke fitowa a Ingila ko Amurka, wadda ko abokin aikinsa na ofis ɗaya da ƙyar zai karanta. Ƙauyawan da aka yi wa tambayoyi, aka auna gonakinsu, aka ɗebi ƙasarsu a leda, ba safai a kan koma a gaya masu abin da aka gano ba. Har wa yau akwai matsalar harshe. Hasashe ba duba ba ne, ƙiyasi ne. In masani ya ce akwai yiwuwar kashi 60 cikin ɗari ruwa ya yi jinkiri, shi ya san saura 40 suna nan. In aka fassara wa manomi da cewa "ruwa zai makara", ya jinkirta shuka, ruwa kuwa ya zo da wuri maƙwabcinsa ya riga shi, to, ya gama yarda da rediyo ke nan har abada. Ana bukatar mutanen da suka san ilmin, suka kuma san yadda Bahaushe da Babarbare da Bafillace ke auna magana, su zauna su tsara yadda za a faɗi abin ba tare da ƙari ko ragi ba, su kuma yi la'akari da cewa ga manomi Musulmi saukar ruwa ikon Allah ne, duk bayanin da ya zo kamar yana ja da wannan ba zai shiga kunne ba. Malaman addini da yawa sun iya bambanta da'awar sanin gaibu da lura da alamun da Allah Ya halitta, amma ba a cika gayyatarsu wurin taron ba.

Wani babban kuskure shi ne zaton cewa ilmi hanya ɗaya ya ke bi, daga sama zuwa ƙasa. Tarihin Samaru kansa ya ƙaryata haka. An yi shekaru ana gaya wa manoma su daina cuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai rashin wayewa ne, kowane amfani a ba shi filinsa. Sai a shekarun 1960 zuwa 1970 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa suka bi gonakin ƙauyukan Zariya suna lissafi, suka tarar manomin ne da gaskiya: gicci da sauran hanyoyin haɗa shuka sun fi ba shi tabbas, in fari ya kashe wannan wancan ya tsira, aikin kuma ya fi rabuwa daidai cikin damina. Haka nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bi ƙauyen Dagaceri tun daga farin 1973 har bayan na 1984, ya nuna yadda mutane ke sauya iri, su tafi cin rani, su sayar da akuya, su komo su ci gaba. Ya kuma nuna cewa a karkarar Kano, inda mutane suka fi yawa, nan ne itatuwa suka fi samun kula, domin kowace ɗorawa da kowace tsamiya tana da mai ita.

Wanda ke son ganin wannan a fili sai ya ƙetara iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa a Jumhuriyar Nijar wajen dashen itatuwa daga gandun reno, mafi yawansu suka mutu, rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye saura. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. Abin da a ke bukata kawai shi ne a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse saura. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Amma bai yaɗu sosai ba sai da hukuma ta sassauta. A dokar da aka gada daga Faransawa itace na gwamnati ne ko da a gonar mutum ya tsiro, ma'aikacin daji yana iya cin sa tara in ya sare reshe, saboda haka mai hankali yakan tumɓuke tsiron tun yana ƙarami don ya huta da fitina. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya raine shi kamar ɗan akuya. Da masana suka duba hotunan tauraron ɗan adam cikin shekarun 2000, suka tarar an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, itatuwa kimanin miliyan 200, galibinsu gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba shi taki. Babu gandun reno, babu tankar ban ruwa, babu kwangila. Mutanen nan Hausawa ne, ƙasarsu irin ta Daura ce da Maigatari, kasuwa ɗaya su ke ci da mutanen wannan ɓangare.

A gwada wannan da Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senigal zuwa Jibuti. Nijeriya ta kafa mata hukuma ta musamman a 2015, aikin ya shafi jihohi 11, daga Kabi zuwa Barno. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa a duk faɗin aikin abin da aka farfaɗo bai wuce kashi 4 cikin ɗari na hekta miliyan 100 da aka yi niyya ba. Su kansu masu shirin sun daɗe da gane cewa jera itatuwa kamar soja ba shi ne mafita ba, sun koma maganar taimaka wa manomi ya raya gonarsa. Amma a nan gida har yanzu abin da aka fi sani shi ne ranar dashen itatuwa: gwamna ya zo da babbar riga ya dasa ɗaya, a ba shi ruwa ya wanke hannu, a sanar da miliyoyin da aka dasa. Ba a taɓa kiran 'yan jarida bayan shekara uku a ƙirga waɗanda suka rayu ba. Ita kuma matar da tsadar gas da kananzir ta mai da ita kan gawayi tun bayan janye tallafin mai a 2023, babu wanda ya tambaye ta da me za ta dafa tuwo in an hana sare itace.

Ta fuskar doka ba a bar ƙasar nan a baya ba. A watan Nuwamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da ta ke fitarwa da wanda ta ke shanyewa, cikin watan nan kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisa ta musamman a ƙarƙashin Shugaban Ƙasa. A taron Dubai na 2023 an rubuta sunayen 'yan Nijeriya 1,411, gwamnati ta ce 422 ne kawai ta biya wa kuɗi, kamar dai 422 ɗin kaɗan ne. Kuɗin jirgi da masaukin mutum guda a irin wannan tafiya zai sayi babura da yawa. Mutanen yankin Neja-Delta kuwa suna iya ba da labarin yadda doka ke tsufa a takarda, domin tun 1979 aka yi dokar da ta sa 1984 a matsayin ƙarshen ƙona iskar gas a rijiyoyin mai, ga wutar nan tana ci har yau.

Hanyar isar da saƙo ba sai an ƙirƙiro ta ba, tana nan. Sa'ad da rigakafin shan inna ya ci tura a Arewa bayan 2003, abin da ya cece shi shi ne komawa ga sarakuna: sarki ya kira hakimai, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya kira masu unguwa, limamai suka yi bayani a masallatai, mata suka shiga gida gida. A watan Agusta 2020 aka tabbatar ƙasar nan ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Wannan hanya za ta iya ɗaukar labarin ruwa kamar yadda ta ɗauki na allura. Kamata ya yi kafin watan Afrilu ya ƙare kowane hakimi ya sami takarda guda, da Hausa ko harshen yankinsa, da boko da ajami, mai ɗauke da abin da ya shafi ƙasarsa kaɗai: makon da a ke sa ran ruwan shuka, irin da ya dace, inda za a same shi, unguwannin da ke bakin ruwa da makarantar da za a koma in ya taso. Gidajen rediyon jihohi su ba da minti goma kowace safiya cikin damina ba tare da sun nemi NiMet ta biya su kuɗin talla ba. Jami'o'i su riƙa ƙirga wa malami aikin da ya yi da manoma sa'ad da za a ƙara masa girma. In kaka ta yi kuma, hukumar yanayi ta aika mutanenta kasuwannin ƙauye su ji inda hasashensu ya dace da inda ya kuskure, su faɗi haka a rediyo, su karɓi ma'aunin ruwan da makarantun firamare da ofisoshin dagatai za su iya riƙe masu in an ba su.

Gwamnonin jihohi 11 ɗin nan na bakin hamada su ne ya kamata su fara. Kowannensu ya bayyana wa majalisar jiharsa malaman gona nawa ya ke da su a bakin aiki, nawa ne ke da abin hawa, nawa kuma zai ɗauka kafin ruwan shuka ya sauka.